Katin Randar Dada

Yayana Ɗayyabu, wanda mu a gida muke ce wa Hamma, mutum ne da za ka yini da shi bai yi maka magana goma ba, amma ka ba shi almakashi da kwali ka ga aiki. Shagonsa yana nan a unguwar Shamaki a Gombe, jikin gidanmu na gado, inda yake buga katin biki da kalanda da takardun Islamiyya. Wannan ita ce sana'ar da ke ciyar da shi. Abin da aka san shi da shi kuwa daban ne: wasan katin nan da ake kira Unguwa, shi ya ƙirƙiro shi. Ni ce Batul, autarsu, kuma ni zan ba da labarinsa, don idan aka ce sai ya bayar da bakinsa, wallahi sai dai a yi ta jira.

Mahaifinmu mutumin Katsina ne. Fataucin hatsi ya kawo shi Gombe, ya ga gari ya yi masa, ya auri Bafillatana ya zauna. Ita ce Dada. Da yake Hamma ne ɗan fari, Dada ba ta taɓa kama sunansa ba har ta koma ga Allah. “Mai kwali” take ce masa, kuma sunan bai zo a banza ba. Tun yana firamare yake bin masu shago yana roƙon kwalin sukari da na ganyen shayi, ya zo ya yanka su daidai wa daida, ya yi ta zane a kai. Ranar da Baba ya tarar ya jera su a zaure, bai tsaya tambaya ba, ya ce karta ce, ya ciro bulala. Hamma ya sha duka. Da Baba ya fita, Dada ta tattara kwalayen ta zuba a cikin kwallarta ta rufe, nan kuma ya zama ma'ajiyarsu har Hamma ya girma. Lokacin ba a haife ni ba, amma Dada ta ba ni labarin ya fi sau ashirin.

Da ya gama sakandare ya koyi aikin buga takardu wajen wani mutum a cikin gari, ya yi shekara bakwai, sannan ya buɗe nasa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, ya yi furfura da wuri. Daga shago sai masallaci, rayuwarsa ke nan. Sai dai aikin katin biki yana barin guntaye, kwali mai kauri mai sheƙi, shi kuma Hamma ba ya iya zubar da kwali. Buhu biyu ya tara. Matarsa ta ce ko dai ya san yadda zai yi da su, ko ta hura wuta da su. A shekarar 2019 ke nan, kuma daga wannan barazanar aka samu Unguwa.

Wasan ba shi da wuya. Mutum biyu ne, kowa da damin kati talatin da ƙwallon dabino goma a gabansa. Ƙwallayen su ne ruwan gidansa, wanda nasa ya fara ƙarewa ya faɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gida a Gombe yana jiran mai kurar ruwa ya san dalilin da ya sa ruwa ne. Kowane kati wani mutum ne ko wani abu na unguwa, da aikin da yake yi a rubuce a ƙasa. Wani katin yana kwashe ruwan abokin wasa, wani yana kare naka, wani kuma yana kife katin wancan. Katin da aka kife, sai a juya fuskarsa ƙasa a jefa shi kwando, ya fita daga wasa.

Dami iri huɗu Hamma ya tsara, kowanne da halinsa. Damin 'yan kasuwa sauri gare shi, kafin ka gyara zama an yi maka musaya an kwashe maka ruwa uku. Damin manoma sai mai haƙuri, ka yi ta shan wuya da farko, idan ka kai ƙarshe da rai to ba mai tare ka. Na makiyaya, katunan ba sa zama, su tafi su dawo. Amma wanda ya fi ba mutane dariya shi ne damin ma'aikata: katunan su zauna zagaye uku ba su tsinana komai ba, a na huɗu albashi ya shigo, su miƙe gaba ɗaya. Maƙwabcinmu Malam Elias, tsohon malamin lissafi ɗan Kaltungo da ya yi ritaya, ya duba damin ya ce, “Malam Ɗayyabu, ka yi mana sassauci. Ai da gaskiya za ka bi, zagaye shida za su yi.”

Kati ashirin kawai Hamma ya zana da kansa, sauran duk mutane ne suka kawo. Kowa yana da damar kawo kati, amma da sharaɗi. Sai mai sunan ya yarda. Ba a zana fuska, sai dai kayan aikin mutum, ko keken ɗinkinsa ko kaskonsa ko baburinsa. Sannan a gwada katin Asabar uku a jere kafin a buga shi. Dada ta ƙara nata guda biyu tun ranar farko, da ta ga maza sun fara taruwa a ƙofar gidanta: ko sisi ba za a ajiye a kan tabarma ba, kuma ladan yana buɗe baki a tattara. Waɗannan biyun su suka rufe bakin masu cewa caca ce.

Akwai kuma gwajin da ba a rubuta shi ko'ina ba. Duk katin da za a buga, sai Hamma ya shiga ciki ya tsuguna daga bakin ƙofar Dada ya karanta mata rubutun. Idan ta ce, “Na gane,” kati ya wuce. Idan ta ce, “Me ka ce?” to ya koma shago ya sake. Na ga katin wani ɗalibin jami'a da aka mayar sau biyar a kan haka, har yaron ya yi fushi. Hamma ya ce masa katin da tsohuwa ba ta gane ba a numfashi ɗaya, surutu ne.

Lokacin kullen korona ne wasan ya shige gidaje. Mata muka kama shi, ni da Dokas matar Malam Elias har abinci mun taɓa ƙonawa a kansa. Wasan ya isa unguwar Malam Inna inda nake aure, ɗalibai suka buɗe masa guruf a waya suna ta turo katuna, yaran GRA suka kawo nasu mai suna Katanga, wanda ba ya komai sai hana a taɓa ka. Da katuna suka yi yawa, Malam Elias ya sayi littafi mai bango ja yana rubuta wanda ya ci da katin da ya ci da shi. Daga nan aka kafa doka: duk katin da ya sa mai shi cin wasa fiye da bakwai cikin goma, sai a yi masa zaman gyara. Ko a rage masa ƙarfi, ko a cire shi.

A kan dokar nan Hamma ba shi da kara ko kaɗan. Ku tambayi Ɗantala, direban keke Napep, wanda ya fi kowa hayaniya a kan tabarma. Shi ya kawo katin Keken Ɗantala, mai ɗauko maka kati biyu a yi ɗaya. Ya so katin nan kamar ɗansa, har hotonsa ya manna a gilashin kekensa. Littafin Malam Elias ya nuna takwas cikin goma. Aka yi zama, Ɗantala ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ce sa'a ce kawai. Hamma ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, “An cire.” Wata biyu Ɗantala bai gaishe shi ba.

To, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Dada tana da randa a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, da moɗa ɗaure da igiya. Tun kafin a haife ni take cika ta kullum da safe, ko ana wahalar ruwa ko ba a yi. Hamma ya yi mata kati, ya zana randar da moɗar, ya sa shi a damin makiyaya tunda Dada Bafillatana ce. Rubutun ya ce: duk zagayen da Randar Dada ta kwana a kan tabarma, mai ita ya ƙara ruwa ɗaya. Ina nan ranar da ya karanta mata. Ta ce, “Na gane.” Bayan ya fita ta dube ni tana murmushi ta ce, “Mai kwali ya shigar min da randa cikin gida.” Ban tsaya na fahimci abin da take nufi ba, ina sauri zan koma Malam Inna.

Kati ne mai rauni. Akwai wani ɗan ƙaramin kati, Akuyar Shu'aibu, wanda kowane dami yana da shi, aikinsa ke nan kife randa. Da wuya Randar Dada ta yi zagaye biyu. Ita kuwa abin yana ba ta nishaɗi. Duk Asabar da yamma, idan an tashi, sai ta leƙo ta ce, “Yau sau nawa aka kife ni?” Ɗantala ya ce, “Dada, ni kaɗai sau huɗu!” Ta ce, “Allah ya shirye ka, kai da kake shanye min rabin randa.”

Dada ta rasu a ƙarshen daminar 2023, bayan jinyar kwana tara. Ba zan tsaya a nan ba, don har yau idan na tsaya ba na iya ci gaba. An yi arba'in ba a shimfiɗa tabarma ba. Da aka dawo wasa kuma, sai ya zamana ba daidai yake ba, kuma an ɗauki lokaci kafin a ce ga abin da ke damunsa.

Malam Elias ne ya fara faɗa. Wata Asabar ya shigo shago da littafinsa, ni ina zaune ina jiran katin sunan ɗan ƙawata. Ya buɗe, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Mutumin da ya shekara talatin yana faɗa wa yara sun faɗi jarrabawa, ranar ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce, “Malam Ɗayyabu, ka yi haƙuri. Katin Mama ne. Tara cikin goma.”

Hamma ya ce, “Ba zai yiwu ba. Ban taɓa rubutun ba.”

“Na sani. Amma ga shi nan, wata uku a jere. Kuma ba shi ke nan ba. Yanzu kowa damin makiyaya yake ɗauka. Idan randa biyu suka haɗu a tabarma, ruwa ba ya ƙarewa, sai a kira magariba ba wanda ya ci. Da muna shimfiɗa tabarma shida, makon jiya biyu ne.”

Duk mun san abin da doka ta ce. Katin da ya wuce bakwai, ko a rage shi ko a cire shi, shi kuwa wannan ba abin da za a rage, ruwa ɗaya ne tak. Saura cirewa. Katin mahaifiyarmu, wata huɗu da binne ta, kuma Hamma ne zai furta. Na ji kamar in fizge littafin in yaga. Na ce, “Baba Elias, lissafin nan naka ba ya kuskure ne?” Ya ce, “Batul, na so a ce ya yi.”

Hamma bai yarda ba sai ya gwada da kansa. Haka yake aiki: ya rufe shago rabi, ya zauna shi kaɗai, hannun dama ya yi wasa da na hagu. Amma ba ya amfani da katunan gaske wajen gwaji, don kada su tsufa. Farar takarda yake yankawa ya rubuta lamba da aikin kati kawai. Wasa hamsin ya yi cikin mako guda, lamba goma sha bakwai, wato randar, ba ta ci ko rabi ba. Rauninta yana nan yadda yake. Abin ya ɗaure masa kai har ya daina cin abincin kirki, in ji matarsa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi a gidana. Na tsorata, don Hamma ba ya zuwa Malam Inna sai suna ko rasuwa. Ya zauna, ya fito da dami biyu daga aljihu ya ce, “Ɗauki makiyaya. Ina so in ga yadda kike yi.”

Muka fara. A zagaye na biyu na ajiye Randar Dada. Ta kwana, na ƙara ruwa. Ta sake kwana, na ƙara. Ya yi ta kai hari ta gefe, ya kife min saniya, ya kife min sanda, randa tana zaune. Na cinye shi ba wahala. Yana shirin tattara katunan hannunsa na ce, “Tsaya, mu gani.” Na kama hannun na juya. Akuyar Shu'aibu har guda biyu.

Na ce, “Hamma, tun yaushe suke hannunka?”

Ya ce, “Ban lura da su ba.”

“Haba Hamma! Kai ka zana akuyar nan. Ni za ka faɗa wa ba ka lura ba?”

Ya daɗe yana kallon katin randar. Ga zanen moɗa, ga sunanta a sama da rubutun hannunsa. Ya miƙa yatsa kamar zai juya shi, yatsan ya tsaya a gefen katin. Sai ya janye hannu ya sa a aljihu. Ni ma sai a lokacin na tuna, tun rasuwar, sau nawa Dokas ta ajiye randa a gabana ina riƙe da akuya na yi kamar ban gani ba. Ita ma haka take yi min. Ashe duk garin haka ake yi, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne. Wa zai kama sunan Dada ya kife fuskarsa ƙasa ya jefa kwando, a ƙofar gidanta, a gaban ɗanta? Katin bai ƙara ƙarfi ba, mutane ne suka kasa. Na yi kuka ranar, shi kuma ya zauna yana jera ƙwallon dabino yana rushewa har na gama.

Aka sa zaman gyara ranar Asabar bayan la'asar, a zauren gidanmu. Maza sun kai ashirin, mu mata muna daga ƙofar ciki. Malam Elias ya karanta lissafi, Hamma ya faɗi dalili a taƙaice. Nan take mutane suka fara cewa a bar katin. Wani ya ce doka ai mutane suka yi ta. Wani ya ce daga yau za a riƙa kifewa, amma da ka ji muryarsa ka san ba zai iya ba. Hamma ya bari suka gama, sannan ya ce, “Na cire na Ɗantala a kan takwas. Wannan tara ne.” Ya tsaya. Kalma biyu suka rage masa, waɗanda ya saba faɗa ba ko gezau, amma suka maƙale.

Sai Ɗantala ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, yau zai rama. Har na gyara tsayuwa, don wallahi da ya faɗi maganar banza, da daga bayan ƙofar zan ba shi amsa.

Ya ce, “Hamma, ni ba ruwana da kati, ku cire ko ku bari. Tambaya gare ni. Kuna ta zama a kan randar kwali, ta gasken fa? Tun ranar arba'in ba wanda ya zuba mata ruwa. Kullum sai na tsaya da keke na buɗe, sai busasshen ganye. Shekara goma sha ɗaya ina sha a wurin nan. Na yi shiru ne don ba gidanmu ba ne.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Duk Asabar ina wuce randar nan in shiga gida, Hamma kuwa shagonsa taku biyar ne daga gindinta. Mu 'ya'yanta muna tsaron sunanta a kan kwali, direban keke ne yake buɗe murfi. Hamma bai ce an cire ba, bai ce an bari ba. Ya ce a ba shi mako guda, aka tashi.

Washegari da sassafe matarsa ta kira ni a waya ta ce in zo in ga ikon Allah. Na tarar ya fitar da randar, ya wanke ta ciki da waje, ya canza igiyar moɗa, ya tare mai kura an cika ta. Ya ɗauko benci ya zauna a ƙofar shago, bai kunna inji ba, yana kallo kawai. Masu keke suka sha, wata mata mai tallan gyaɗa ta sha ta wanke fuska, wasu leburori suka sha, masu dawowa daga coci suka tsaya suka ba yaransu. Na zauna kusa da shi har azahar.

Can ya ce, “Batul, kin taɓa sha a randar nan?”

Na yi tunani na ce, “A'a. Ai muna da tamu a ciki.”

“Ni ma haka. Ba ɗan gidan nan da ya taɓa sha.” Ya ƙara da cewa, “Na rubuta mai ita ya ƙara ruwa. Ita kuwa ba ta taɓa ƙaruwa da komai ba. Tun farko katin ba daidai yake ba, kuma ta ce min ta gane.”

Sai maganar nan ta dawo min. Na faɗa masa abin da Dada ta ce bayan ya fita, cewa mai kwali ya shigar mata da randa cikin gida. Ta ga kuskuren tun ranar. Katin kowa tana mayarwa, amma ɗan fari ya tsuguna da katin da ya yi mata da hannunsa, kunya ba za ta bar ta ta gyara masa ba. Hamma ya ce, “Shi ne ba ki faɗa min ba?” Na ce, “Kai ma ai ba tambaya kake yi ba.” Ya yi 'yar dariya, sannan ya tashi ya shiga shago ya ja ƙofa, na bar shi.

Sabon katin da ya kawo ba ya cikin kowane dami. A tsakiyar tabarma ake ajiye shi tun kafin a raba kati, da ƙwallo biyar a kai. Duk zagaye, wanda ruwansa ya fi ƙaranci ya ɗauki ɗaya. Idan biyar ɗin suka ƙare randa ta bushe, sai in wani ya yarda ya bar yinsa guda ya cika ta. Akuya ba ta da hanya a kanta. Kafin ya kai wa jama'a, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin Dada, inda nake ninke kayanta da za a bayar, ya karanta min. Na gyaɗa masa kai.

Bai yi wa katin alfarma ba, sai da ya yi Asabar uku kamar na kowa. A ta farko aka ga ƙwallo biyar sun yi yawa, wasa yana ja, ya mayar da su uku. Masu damin manoma suka yi ƙorafi, masu damin 'yan kasuwa suka dawo, tabarmi suka koma shida, yanzu ma har bakwai ake yi. Ɗantala ya ga fuska, ya ce tunda ana gyare-gyare a dawo masa da kekensa. Hamma ya ce, “A'a.” Ɗantalan ne dai yanzu yake kawo jarka biyu duk safiya a bayan keken, Hamma ya juye a randa, ba sa wata hira.

Malam Elias yana da ƙorafi guda har gobe. Ya ce a lissafi, cika randa wauta ce, ka bar yinka don wataƙila abokin wasanka ya sha. Ya ce duk mai son ci bai kamata ya yi ba. Dokas ta ce masa, “To kai me ya sa kake cikawa?” Ya ce shi tsufa ne.

Saura tsofaffin katunan. Hamma ya ce duk mai Randar Dada ta dā ya dawo da ita, kada a riƙa haɗawa da sabuwa. An yi wata guda ana kawowa, daga Shamaki, daga Malam Inna, har daga GRA, wasu sun yi laushi don yawan riƙo. Guda sittin da uku. Katin da aka cire, a buhun guntaye yake ƙarewa, can Keken Ɗantala yake. Na zuba ido in ga yadda zai yi da waɗannan.

Ranar da na ƙarshe ya iso, ya shigo cikin gida da su a hannu ya ce, “Batul, ina kwallar Dada? Kada a ce an bayar.” Na ce tana nan, na jawo ta daga ƙarƙashin gado. Da ya buɗe, akwai sauran kwalin sukari guda uku a ƙasa, sun yi ja, da zanen yaro a kai. Bai san tana ajiye da su ba, ni ma ban sani ba. Ya zauna a ƙasa, mutum mai shekara hamsin da biyu, ya jera katunan ɗaya bayan ɗaya a kan kwalayen, kowanne fuskarsa sama. Da ya gama ya duba ko akwai wanda ya juya, babu, sannan ya mayar da murfin.